Ranar Da Iya Tabawa Ta Zo Tsine Wa Ɗanta

Ku 'yan jami'ar nan da kuke kawo cajin waya shagona, kullum sai kun yi mini dariya in na ce sana'ata ta asali ɗaukar murya ce. Wai me ke cikin ɗaukar murya, ba danna maɓalli ba ne kawai? Jiya ma ɗaya daga cikinku ya shigo rana ta gasa shi, ya kunna saƙon budurwarsa, ya ce wai ta canza masa murya, nan take ya mayar mata da baƙar magana. Ba a tambaye ni ba. Amma na san abin da ya same shi, domin da shi na ci abinci shekara da shekaru.

A zamanin da nake ba ku labari babu wayar hannu. Mutumin Wudil da ke neman abinci a Ikko ko Badun, in yana son ya gaida gida, ko dai ya nemi mai rubuta wasiƙa, ko ya sami kaset ya yi magana a ciki, ya ba direbobin da suke kai shanu Kurmi daga kara (wato kasuwar shanu) su taho da shi. Mutanenmu sun fi son kaset, saboda takarda ba ta tari, ba ta dariya. To amma ba kowane gida ke da rikoda ba, balle a ƙauye. Nan muka shigo. Rumfata tana bakin tashar Wudil. Direba ya sauke mini kaset-kaset, kowanne a naɗe cikin takarda da sunan mai shi, in aika a gaya masa, ya zo in kunna masa, in ɗauki amsarsa, in ba direban da zai koma.

Kayan aikin ba su da yawa. Rikoda mai baki biyu, batirin mota, biro na naɗe zaren kaset in ya warware, reza da janfarce na haɗa shi in ya tsinke, auduga da sifirit na goge kan rikoda. Sai tabarma da randa da wani tsohon daro, waɗanda na san za ku ce ba kayan aiki ba ne. Akwai kuma wani ɗan haƙori a gindin kowane kaset. Da mutum ya gama magana sai in ɓalle shi a gabansa, daga nan ba mai iya ɗaukar wani abu a kai. Abin da ka faɗa ya zama amana a hannuna. Ba na gogewa, ba na ragewa, ba na riƙewa, ko zagi ne sai ya isa inda aka aika shi.

A wurin Malam Ɗanjuma mai gyaran rediyo na koyi aikin, a Sabon Gari. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya koyarwa da baki sai ya fara wahalar da kai. Wata safiya, ko koko ban sha ba, ya aike ni in ɗauko batir a ka daga wurin caji. Na dawo wuyana kamar zai karye, ko zama ban yi ba ya kunna wani tsohon kaset, wani mutum yana yi wa ƙaninsa magana a kan gona.

Ya ce, "Sale, mutumin nan yaya ka ji shi?"

Na ce, "Fushi yake yi, Malam. Ji yadda yake datse magana."

Bayan kamar sati biyu, mun ci shinkafa da wake da azahar, mun kora da ruwan randa, ina kishingiɗe a inuwa, ya sake kunna wani kaset ya yi mini tambayar nan. Na ce ai wannan lallashi yake yi, har da 'yar zolaya a ciki. Sai ya zare kaset ɗin ya miƙo mini. Shi ne dai na rannan.

Ya ce, "Kaset bai ci abinci ba, Sale. Kai ka ci."

Daga nan ya ba ni doka ɗaya tak ta sana'ar: ba a kunna wa mai tsaye kaset. Ya ce kunne ba shi kaɗai yake ji ba, ciki yana ji, ƙafa tana ji. Duk wanda ya zo sai ya zauna, ya cire takalmi, ya sha ruwa, an gaisa an tambayi mutanen gida har numfashinsa ya daidaita, sannan a danna. Mutane suna ɗauka kirki ne ya yi mana yawa. Ba kirki ba ne, aiki ne.

Na ɗauka na gane karatun, ashe da sauran rina a kaba. Shekarata ta uku da buɗe rumfa wani haƙori na can ƙurya ya kama ni, damina guda yana sarana, ni kuma tsoron cirewa ya hana ni zuwa asibiti. A watannin nan duk wanda ya buɗe baki gatse nake ji. Mutum ya ce, "Sale, ɗan ƙara sauti," in ji kamar ya zagi ubana. Mafi muni, in tsohuwa ta saurari kaset ta juyo ta ce, "Ɗan nan, anya ba fushi yake da ni ba?" sai in ce nima haka na ji. Allah kaɗai ya san gidaje nawa na ɓata wa rai. Kafin kaka mutane sun koma wurin wani mai rikoda da ya buɗe a tsallaken titi, direbobi ma suka daina sauke mini kaya. Ranar da aka cire haƙorin, ina dawowa mai shayin bakin tasha ya ce mini, "Sale, an fito?" Gaisuwar da yake yi mini ke nan kullum, wadda na yi wata huɗu ina ƙullace da shi a kanta. Ranar na ji ta yadda take, gaisuwa ce ta mutunci. Kunya ta kama ni, kuma sai da na yi fiye da shekara kafin na dawo da mutanena.

To, duk da wannan, na karya dokar sau ɗaya, kuma saura ƙiris ta ci rai.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ne, an gama zaɓe ana jiran rantsarwa. Kasuwa ta buɗe mana, domin kowane wanda ya ci kujera yana da mawaƙinsa, kuma kowa yana son a buga masa kwafi ya raba wa magoya baya. Wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, tsakiyar bazara, mutanen wani sabon kansila sun cika mini rumfa da jakar kaset, rikoda tana ta aiki tun safe, ni kuma ko karyawa ban yi ba saboda daɗin ciniki. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga Iya Tabawa.

Tsohuwa ce daga Ɗankaza, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta na fari, Hamisu, yana aikin sauke shanu a Ikko, kuma duk bayan wata biyu yakan aiko mata da kaset. Na san muryarsa sarai. Yaro ne mai doguwar gaisuwa, sai ya cinye rabin kaset yana tambayar kwana da gajiya da zafi, yana kiran sunan kowa a gidan har akuyar Iya. A kaset na baya ya yi mata alkawarin zai zo kafin ruwa ya sauka ya yaɓe mata ɗaki, domin rufin yana yoyo.

Ta ce, "Ɗan nan, an ce yaron nan na Ikko ya aiko."

Na ce, "Ya aiko, Iya. Sannu da zuwa, ga tabarma."

"Ba zama na zo yi ba. Kunna mini in ji ranar da zai taho, in wuce."

Mutanen kansila suna ta duba agogo. Na ce a raina, ai kaset ɗin Hamisu ne, me zai fito a ciki in ba gaisuwa ba? Na tsayar da waƙar, na sa nata, na danna, tana tsaye a bakin rumfa rabin jikinta a rana.

"Iya, ina wuni. Ni ne. Zuwan nan da na ce, ba zai yiwu ba. Ki sa a yaɓe ɗakin. Ki gaida gida. Shi ke nan."

Iyakar abin da ke ciki ke nan. Muka jira, zare yana ta juyawa babu komai. Ba tambayar lafiya, ba sunan kowa, ba ko "ki yi haƙuri". Kowace magana a datse, sai ya yi shiru, sai ya jefo wata. Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina raini na ji a ciki. Na ce yaro ya sha ruwan Ikko ya fi ƙarfin uwarsa.

Iya Tabawa ta ce, "Hamisu ne ya yi mini wannan?"

Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba. Matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Shekara shida tana zuwa rumfata ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kullum "yaron nan na Ikko". Ranar ta faɗe shi garau a gaban maza.

Ta kwance bakin zaninta ta ajiye kuɗin sabon kaset a kan tebur. Ta ce, "Sa mini. Zan gaya masa ban yafe nonon da ya sha ba, duniya da lahira."

Kowa a nan ya san abin da wannan maganar take nufi. Wanda uwarsa ta faɗa masa ita ba ya sake ganin daidai, ko ba don komai ba don shi da kansa ya yarda ya tashi aiki. In a tsakar gida aka faɗa, dattawa sukan taru a ba uwa haƙuri ta janye. Amma a kaset, da haƙori a ɓalle, yaro zai riƙa kunna ta yana saurare shi kaɗai a garin da ba shi da kowa. Ga shi Garba direba, wanda zai kai amsa, yana lodin shanu a kara, bayan la'asar zai ɗaga.

Na auna abin da zan iya. In na ƙi, za ta tsallaka titi, kuma mutumin can ko wasiyyar Shaiɗan ka kawo masa zai ɗauka. In na ce batir ya mutu, ga rikoda yanzu ta gama waƙa. In na ɗauka na ɓoye, na ci amana, kuma ranar da aka sani sana'ata ta ƙare. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na dube ta. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Takalmin roba ne a ƙafarta, rana ta dafa shi, faso ya tsage yana fitar da jini. Hannunta ɗaya yana dafe da ƙugu. A ƙasa ta tako tun daga Ɗankaza, kuma na tabbata ɗokin jin ranar zuwan ɗanta bai bar ta ta sa komai a ciki ba.

Na ce, "Iya, zan ɗauka. Amma kin ji muryarki kuwa? Ta dushe. Wannan magana mai nauyi ce, in ta fita tana rawa zai ce ba da gaske kike ba. In za ki yi ta, ki yi ta da ƙarfinki."

Ta harare ni. "Kana nufin ba ni da ƙarfi?"

"Ina nufin rikodar nan ba ta kama muryar mai yunwa da kyau."

Ta ce, "To, don ya ji ta tar." Ta zauna.

Na juya na ce wa mutanen kansila su ba ni awa biyu. Babbansu ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana? Mu ne gwamnati yanzu." Na ce, "Ranka ya daɗe, gwamnatin da ta yi shekara da shekaru tana jiran soja, awa biyu ba za ta gagare ta ba." Bai yi dariya ba. Suka kwashe jakarsu suka tsallaka titi, cinikin sati guda ya bi su.

Na zuba ruwan randa a daro na sa mata ƙafa a ciki. Na kira mai nono ta dama mata fura ƙwarya guda, nima na sa aka dama mini. Ta shanye tas. Na ɗauko auduga da sifirit na shiga goge kan rikoda a hankali, kamar wanda aka biya ya ɓata lokaci. Allah ya taimake ni aka kira sallar Juma'a. Na ce ta ɗan kishingiɗa kafin in dawo, na tafi masallaci, kuma in gaya muku gaskiya ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba.

Na dawo na tarar ta ɗan runtsa ta tashi, ta wanke fuska, ta gyara ɗaurin kallabi. Na yi zaton ta huce. Ina gama sallama ta ce, "Ƙarfina ya dawo. Sa kaset."

Muryarta kuwa ta dawo ɗin, garau. Na ce a raina, Sale, ka ciyar da tsinuwa ta yi ƙiba. Abu ɗaya ya rage mini.

Na ce, "Iya, ba a ɗaukar amsa sai an sake jin saƙo, don amsa ta dace da shi."

"Na ji shi. Me zan ƙara ji?"

"Dokar sana'a ce, ba ni na kafa ta ba."

Ta yi tsaki ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ta jingina da ginshiƙin rumfa. Na mayar da zare na danna.

"Iya, ina wuni. Ni ne. Zuwan nan da na ce..."

Ta ɗaga hannu. "Tsaya. Mayar."

Na mayar. Ta matso ta kara kunne a jikin rikoda. Muka sake ji. Ta ce in sake mayarwa, kuma in ƙara sauti, ba a wurin maganar ba, a wurin da yake yin shiru. Na murɗa har ƙarshe. Ni abin da na ji bai wuce huci ba, wani ɗan jan iska gajere kafin kowace kalma.

Ta ɗago a hankali ta ce, "Ɗan nan, yaron nan a kwance yake."

Na ce, "A kwance, Iya?"

"A kwance yake magana. Kuma numfashi yana yi masa ciwo. Yana ɗan shekara bakwai ya faɗo daga kan jaki, ya ɓoye don kada ubansa ya doke shi. Kwana uku haka yake yi mini magana, biyu-biyu, yana hutawa. Ba gajarta gaisuwa ya yi ba. Iyakar abin da ƙirjinsa ya iya ɗauka ke nan."

Ta yi salati. Ta ce, "Da na ƙarasa shi da bakina." Ni kuwa sau huɗu na ji kaset ɗin nan, ni da nake taƙamar sanin murya, ban ji abin da ta ji ba.

Na sa sabon kaset, na miƙa mata makirfo. Ta gyara zama.

"Kai, ni ce. Na ji abin da ba ka faɗa ba. Ɗaki ya rushe in ya ga dama. Duk halin da kake ciki ka sa a ɗora ka a motar Garba a kawo mini kai. In ka sake ɓoye mini ciwo, ni da kai ne."

Daga nan ta shiga gaisuwa, ita da ya kamata a gaisar. Ta gaishe shi da jiki, ta ba shi labarin kowa a gidan, ta gaya masa akuya ta haifi biyu, ta sa masa albarka har zare ya kusa ƙarewa. Ko sau ɗaya ba ta kira sunansa ba. Na ɓalle haƙorin kaset a gabanta, ban taɓa jin daɗin ɓalle shi kamar ranar ba. Ba ta yarda in kai wa Garba ba. Da ƙafarta mai faso ta taka har kara, ta same shi a gindin mota, ta sa ya yi mata alkawarin zai nemi yaron da kansa. Shi Garba bai ma ga Hamisu ba a zuwansa na baya, wani abokin ɗakinsa ne ya miƙa masa kaset a tasha.

Kwana tara bayan haka aka sauko da shi daga bayan mota a kan tabarma. Wani bijimi ne ya matse shi da jikin tirela wajen sauke kaya, haƙarƙari suka karye, ciwo ya shiga ƙirji, ya yi sati uku a kwance yana roƙon abokansa kada su gaya wa Iya. Aka wuce da shi asibiti a Kano. Ya sha jinya, amma kafin a yanke gero ya miƙe.

Ba a daɗe ba wayar hannu ta shigo ta rufe mana kasuwa, na sayar da rikoda na koma wannan cajin da kuke gani. Iya ta riga mu gidan gaskiya, kuma sunayen da na faɗa muku ba su ne na ainihi ba, don haka kada wani ya tafi Ɗankaza neman gulma. Amma in kun tambaye ni ranar da na san na ci sana'ata, wata Juma'a ce bayan kaka, da suka zo rumfata su biyu. Ya rame, yana tafiya a hankali, ta sa shi ya ɗauko mini zabuwa a ƙarƙashin hammata. Muka gaisa, gaisuwarsa ta dawo da tsawonta, sai da na gaji.

Sannan ya ce, "Malam Sale, wai Iya ta ce tana jin kaset ɗin nan, jin farko, ta gane ba ni da lafiya. Haka aka yi?"

Na dubi Iya. Tana zaune a kan tabarma, ta kafe ni da ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Na ce, "Tana zaunawa ta gane."

Ta gyara mayafi ta ce masa, "To ka ji. Har mai rikoda ya shaida."